Matar da ta Amsa wa Irmiya ta Lasifika

Ku matso kusa. Kai Habila, kashe wayar nan. Wannan ba labarin da ake ji da haske ba ne.

Kun san tsohuwar majami'ar da ke gindin dutse, a garin kakarmu? A can Irmiya yake kula da kayan sauti. Shi ne mai zama can baya, gaban miksa, yana murɗa wannan yana rage wancan, don muryar Fasto ta kai kunnen kowa. Mutum ne mai zafin rai, amma ya iya aikinsa.

Fitina ta fara ne bayan Dattijo Filibus, shugaban kwamitin gini, ya sayo wata ƙatuwar lasifika. Ya sa aka ɗaure ta a saman rufi, bakinta na kallon dutse, wai don manoman da ke can baya su riƙa jin wa'azi.

Tun daga ranar makirufo ya ƙi lafiya. Fasto na buɗe baki sai kuwwa ta tashi, ƙiiii, har tsofaffi su toshe kunne. Zumuntar Mata na tsaka da waƙa sai sauti ya ɗauke. Wani lokaci kuma, can ƙasa-ƙasa, a ji kamar numfashi.

Irmiya ya canza batir. Ya canza waya. Ya nisanta makirufo da lasifikun ciki. Ya kwance soket ɗaya bayan ɗaya ya goge. A banza.

Wata Lahadi bayan an tashi, Dattijo Filibus ya tare shi a bakin ƙofa, mutane na tsaitsaye.

"Kayan da muka saya sababbi ne. Ina ka kai su?"

"Baba, ban gane ba."

"Ka gane sarai. Ka cire na kirki ka sa mana na bola. Mako mai zuwa sujadar godiyar kaka ce, baƙi za su zo. In abin nan ya sake kuka, a gaban ikilisiya zan kira sunanka."

Jijiyar wuyan Irmiya ta miƙe. Shi da yake barin gonarsa ya zo ya yi wa Allah aiki kyauta, yau shi ne ɓarawo? Matarsa Keziya tana wurin. Ta ji. Ta sunkuyar da kai.

Ranar Asabar da yamma lis ya ɗauki mabuɗi.

"Maigida, ka bari sai da safe, ku je da wani," in ji Keziya.

"Da wa? Da masu cewa na yi sata?"

Ya fice.

Rana ta riga ta faɗa bayan dutse lokacin da ya tada janareto. Majami'a babu kowa, sai bencina a jere. Ya ɗauki makirufo.

"Halo. Halo. Ɗaya, biyu."

Tas. Ko ƙis babu.

Wannan ya ƙara tunzura shi. Wato in babu mutane sai abin ya yi ladabi, in an taru ya kunyata shi. Ya murɗa sauti har ƙarshe, ya daka tsawa.

"Ana ji na? Na ce ana ji na?"

Janareto ya yi tari. Ya mutu. Fitilu suka ɗauke.

Sai lasifika ta ce, "Ana jin ka."

Muryar mace ce.

Ya waiga. A bencin ƙarshe, kusa da taga, wata mata na zaune da goyo. Bai ji shigowarta ba. Amma da yake ransa a ɓace yake, tsoro bai zo masa ba. Abin da ya zo masa shi ne, ga mai laifi.

"Au! Ashe ke ce! Ke kika ɗauke makirufo na biyu kina mana wasa? Kin san abin da kika jawo mini? Fito da shi!"

Ya nufe ta.

"Ni zan tambaye ka abin da kuka jawo mini."

Ya tsaya cak. Maganar daga bango ta fito, dama da hagu, har daga saman rufi. Bakin matar a rufe yake. Ko motsi bai yi ba.

A nan ya tuna babu wuta. Ya tuna makirufo na biyu yana kan tebur, batirinsa kuma yana cikin aljihunsa.

Ya saukar da ido. Zanenta ya tsaya a ƙwauri. Ƙasa da nan, kofato ne, irin na jaki.

"Tun kafin a haifi kakannin kakanninku muke cikin dutsen nan," in ji lasifika. "Kun yi gininku, ba mu ce komai ba. Kun buga gangunanku, mun haƙura. Yanzu kun kawo ƙaton baki kun ɗora mana a ƙofa. Ɗana ba ya barci. Ba ya kama nono. Duba."

Ta juya baya. Jaririn ya leƙo. Idanunsa a tsaye suke, ba a kwance ba, jajawur, ba sa ƙiftawa.

Irmiya ya nemi kiran sunan Yesu, harshe ya yi nauyi. Ya kira a zuci. Amma ku ji halin mutumin nan, ko a wannan hali sai da baƙin cikinsa ya yi magana.

"Ba ni na ɗora ba! Ni ma zagina ake yi a kan abin nan. Kin bar wanda ya saya, sai ni mai murɗawa?"

"Muryar wa muke fara ji kullum?"

Sai duka lasifikun suka ce, da muryar Irmiya sak, "Halo. Halo. Ɗaya, biyu."

Sannan muryar matar ta dawo.

"Hau rufi ka juya ta. Yanzu."

Ya jingina tsani ya hau. Babu filaya a hannunsa, da yatsu ya kwance wayar ɗaurin, har ta yanke shi. Ya juya bakin lasifika ya kalli hanyar gari. Yana saukowa ya same ta tsaye a gindin tsani. Ta miƙa yatsa ɗaya, sanyi ƙarara, ta zura masa a kunnen hagu.

"Kai mai son a ji ka. To kai ma ka ji mu."

Wannan karon ba ta lasifika ba. A tsakiyar kansa ya ji.

Ya zura da gudu. Ko ƙofa bai rufe ba.

Washegari aka yi sujadar godiya. Sauti tas daga farko har ƙarshe, baƙi suna yabo. Da aka tashi, Dattijo Filibus ya dubi mutane ya yi murmushi.

"Kun gani? Da aka yi masa magana ya dawo da kayan."

Irmiya ya dube shi. Bai zage shi ba, don sa'an mahaifinsa ne. Ya ajiye mabuɗi a kan miksa, ya kama hannun Keziya, suka fita. Fasto kaɗai ya faɗa wa abin da ya gani. Fasto ya yi masa addu'a, ya kuma hana kowa sake taɓa lasifikar nan. Haƙuri dai Dattijo bai taɓa ba shi ba, Irmiya ma bai taɓa hucewa ba.

Yana nan da ransa. In za ku gaishe shi, ku tsaya ta damansa, don kunnen hagun ba ya jin mutane. Amma da rana ta faɗi yakan ji daka a cikin dutse. Yakan ji ana kiran awaki. Yakan ji jariri na dariya, uwarsa na rarrashinsa. Yakan cusa auduga, ba ta hanawa.

Don haka ku saurare ni. In magariba ta yi, kada ɗayanku ya bi hanyar gindin dutsen nan shi kaɗai. In kuma kun shiga wurin da kuke zaton babu kowa, ku yi abin da ya kai ku, ku fito. Kada ku ɗaga murya.

Rahila, ja labulen nan. Kada ki leƙa.