Motar da Ta Shigo Lungu da Fitila

Ranar wata Talata ce cikin damina, hadari ya haɗo daga gabas. Rumaisa tana tsaye a bakin titin Burumburum da ƙullin ɗinki a hannu, sai ga wata mota ruwan toka ta taho da fitilu a kunne, ko azahar ba a kira ba. Ta ɗaga hannu tana buɗe yatsu tana rufewa, yadda ake yi wa direban da ya manta.

Motar ta tsaya. Direban saurayi ne dogo, mai ɗan tabo a gira.

"Malam, fitilarka a kunne take."

"Na sani, Malama."

"To ai rana ce."

"Amma kin hango ni tun daga nesa, ko?"

Dariya ta kuɓuce mata, ta rufe baki da mayafi. Wata tsohuwa daga kujerar baya ta ce, "Direba, zance ka tsaya yi ko Doguwa za ka kai mu?"

Sunansa Zayyad, haya yake yi tsakanin Tudun Wada da Doguwa ta dajin Falgore. A tasha Mai Fitila ake ce masa. Daga ranar nan duk Talata sai motarsa ta sami dalilin tsayawa a wurin, har ya samu lambarta.

Wata Juma'a bayan la'asar ya ce zai zo gida ya gaida iyayenta. Abin da bai yi tunani ba shi ne, a garin idan mota ta shigo lungu a hankali da fitila da rana, gawa aka kawo. A satin kuma Mujitaba, yayan Rumaisa, yana kwance a asibiti a Kano.

Matan lungu suka ɗauki salati. Mahaifiyarta, Inna Luba, ta zube a tsakar gida. Mahaifinta, Malam Gwadabe, ya fito babu takalmi babu hula, ya dafa motar.

"Ku faɗa mini, na haƙura. Yaushe ya cika?"

Sai ga Zayyad ya fito cikin sabuwar shadda yana ƙamshin turare, da ledar lemo a hannu.

"Baba, ina wuni? Wurin Rumaisa na zo."

Mujitaba ya warke, amma Malam bai huce ba, don har a masallaci ana tsokanarsa. Ya ce mai hankali ba ya kunna fitila rana tana sama. Idan yaron yana son 'yarsa, ya rantse ya daina gaba ɗaya, a gari da daji.

Rumaisa ta tura saƙo: "Hasken idona, ka kashe ta mana. Saboda ni."

Ya amsa: "Rabin raina, a cikin gari na kashe har abada, kuma zan roƙi gafarar Inna Luba. Amma a kan titi ba zan iya ba."

"Wato fitila ta fi ni."

Kwana tara ba ta ɗaga wayarsa ba. A tsakanin ne Nasiru, mai shagon taki, ɗan aminin Malam, ya fara zuwa da motarsa yana cewa shi ya san bambancin dare da rana. Rumaisa takan fito ta gaishe shi, ta koma ɗaki ta yi kuka.

A rana ta goma saƙo ya shigo mai tsawo:

"Rumaisa, ba na son maganar nan, shi ya sa na yi shiru. Yayana Imran shi ya koya mini tuƙi. Shekara huɗu ke nan, ana ruwa da azahar a Falgore, babbar mota ta fito za ta wuce wata, ta haɗu da shi gaba da gaba. Direban ya yi ta rantsuwa yana kuka cewa bai gan shi ba sam. Motar Yaya ruwan toka ce, fitilarsa a kashe. Ranar da na karɓi makulli, Innata ta riƙe hannuna ta ce, 'Kai dai a gan ka.' Idan na rantse wa Baba, na saɓa mata. Idan na ƙi, na rasa ki. Ban san yadda zan yi ba."

Allah ya jiƙan Imran. Hularsa har yau tana rataye a ƙusar da ya bar ta.

Rumaisa ta rubuta: "Ka yafe mini. Kada ka kashe ta, ko da ba za a ba ka ni ba." Ta durƙusa gaban Malam za ta yi bayani, ya ɗaga mata hannu ya fice.

Bayan sati biyu Nasiru ya ɗauki Malam zuwa ta'aziyya a Doguwa. Suna cikin Falgore ruwa ya ɓarke, ko bishiyoyin gefen titi ba a gani. Wata motar masara tana jan jiki a gabansu tana watso musu ruwa. Nasiru ya leƙa, bai ga komai ba, ya fita zai wuce.

Malam ne ya hango su, wasu ɗigo biyu masu haske a cikin farin ruwan.

"Koma! Koma, Nasiru!"

Nasiru ya murɗe sitiyari ya koma bayan motar masarar. Mota ta wuce su fuu, har tasu ta girgiza. Suka gangara gefe suka tsaya, kowa bakinsa yana salati.

Waccan motar ma ta tsaya. Zayyad ya taho da gudu, ya durƙusa cikin taɓo a gefen ƙofa.

"Baba, ku ne? Ba ku ji ciwo ba?"

Malam ya dube shi. Sannan ya juya ga Nasiru. "Kai taka fitilar ina take?"

"Baba, batir take ci."

"Batir," in ji Malam. Ya fito cikin ruwan ya kama kafaɗar Zayyad. "Tashi, ɗana. Rumaisa ta so ta gaya mini wani abu, na ƙi saurara. Yanzu kai gaya mini."

A nan bakin titi ya ji komai. Wurin da haɗarin Imran ya faru ma ba shi da nisa da inda suke tsaye.

An ɗaura aure kafin damina ta ɗauke. Da aka shafa fatiha, Malam ya miƙe ya ce, "Jama'a, da rana za a kai amarya, kuma duk motocin da fitila. Kada wanda ya fito ba takalmi irina." Masallaci ya kaure da dariya. Shi da kansa ya bi motocin ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Har ta Nasiru tana ciki, a kunne.

A hanya wayar Rumaisa ta yi motsi a ƙarƙashin lulluɓi: "Amaryata, kin hango ni?"

"Tun daga nesa."

A Doguwa, Inna Asibi, mahaifiyar Zayyad, tana tsaye a ƙofar gida ana yayyafi. Zayyad a tasha yake barin motarsa, don haka rabon da mota ta shigo lungun nan da fitila da rana, tun ranar da aka kawo mata gawar babban ɗanta. Da ta hango hasken, ta dafa bango. Sai ta ji guɗa.

Ta share fuskarta da gefen zani, ta buɗe motar da hannunta, ta kamo hannun Rumaisa.

"Sannu da zuwa, 'yata. Allah ya yi muku albarka. Duk inda kuka nufa, Allah ya sa a gan ku, ku dawo mini da ƙafafunku."