Wane Injiniyan?

Ranar da Maijidda ta fara ganin Mu'azu, mutum goma sha ɗaya ne tsaye a kanta, ita kuma ba ta san ta ina ake fara taɓa injin ban ruwa ba.

Hutun aji biyu ta zo gida Tiga. Fannin injuna take karantawa a jami'a a Kano, kuma mahaifinta, Malam Dikko, bai bar kowa a garin bai faɗa masa ba. Da injinsa ya ƙi jawo ruwa, bai nemi bakanike ba. Maƙwabtan gona ya tara, sannan ya aika a kira 'yarsa.

"Ku matsa mata. Shekara biyu tana karatun abin nan."

"Baba, ba mu zo nan ba tukuna."

"To ina kuka tsaya?"

Ba ta ga yadda za ta yi masa bayanin lissafin gudun ruwa ba, ga tumatir na yaushi. Ta durƙusa ta ja igiya. Injin ya tashi yana ta ihu, mesa ba ta fitar da ko ɗigo ba.

Wani saurayi mai riga duk baƙin mai ya tsuguna kusa da ita kamar mai neman abin da ya yar. Bai kalle ta ba. Ya tura mata guntun robar taya ta ƙarƙashin injin, ya ce ƙasa-ƙasa:

"Bakin mesar ya tsage, iska yake zuƙa. Kashe shi, ki ɗaure, ki sake cika shi da ruwa."

Ta yi yadda ya ce. Ruwa ya ɓalle. Sai a lokacin ta gane abin da malaminsu ya yi mako uku yana cika allo da shi ke nan. Haushi ya kama ta.

Malam Dikko ya juya yana kallon jama'a ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan saurayin ya ce, "Injiniya, ka ga an karɓe maka kasuwa."

A Tiga duk mai riƙe sifana injiniya ne.

Washegari ta je rumfar saurayin a bakin hanyar dam.

"Na zo godiya."

"Ta me? Ke kika gyara, mutum goma sha ɗaya shaida ne."

"Ka san dalilin da ya sa iska ke hana shi jan ruwa?"

"Na san tana hanawa."

"Ban tambaye ka wannan ba."

"To Farfesa, ki koya min dalili, in koya miki inda ake ɗaure roba."

Ta karɓi lambarsa. Ba ta tambayi sunansa ba, ta rubuta abin da ta ji Baba ya kira shi. Daga baya ta san Mu'azu ne, ba ta kuma gyara ba.

Haka suka yi shekara biyu. Tana Kano tana fama da zane da lissafi, yana Tiga yana kwance injunan manoma. Saƙonninsu ba irin waɗanda ake nuna wa ƙawaye ba ne.

"Farfesa, kin ci abinci? Ko yau ma zane kika ci?"

"Na ci. Malami ya ce zanena ba zai yi aiki ba."

"Turo min hotonsa."

Bayan kwana huɗu ya amsa: "Na haɗa shi da ƙarafan rumfa. Malaminku yana da gaskiya. Amma in kika ƙara wa sandar kauri zai yi."

"Ba ka iya lallashi ba."

"Na iya. Kwana huɗu na yi ina walda saboda ke."

A aji huɗu aka tura ta horon aiki a tashar ruwa ta Tiga, ta faɗa hannun wani mai suna Bature. Shi injiniya ne mai takarda, farar rigarsa ba ta taɓa sanin mai ba. Ya fara kai ta gida a mota, ya fara tsayawa gaida Malam Dikko. Wata rana ya ce mata, "In muka yi aure, ba za ki ƙara taɓa ƙarfe ba. Ofis zan nema miki."

"Shekara biyar zan yi don in daina taɓa ƙarfe?"

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa take. Ta faɗa masa sau biyu cewa tana da wanda take so. Nan ma ya ɗauka wasa take.

Ana jibi za ta koma makaranta ta bar wayarta tana caji a zauren Baba. Saƙo ya shigo, Malam Dikko ya sa tabarau ya karanta.

"Farfesata, jibi za ki tafi. Duk injin da na taɓa yau ya tashi, ni ne kawai na ƙi tashi."

A saman saƙon an rubuta: Injiniya.

Ya kira ta. "Wannan Injiniyan, namu na nan?"

Ta sunkuyar da kai. "Shi ne, Baba."

"Kina sonsa?"

"E, Baba."

"Wallahi na ba shi. Ki ce ya turo manyansa."

Ta koma Kano tana mamakin sauƙin abin. Da ta tsaya ta yi tunani na minti ɗaya, da ta rage wa kanta wahala.

Kafin Juma'a Malam Dikko ya sanar a majalisarsu cewa ya ba Injiniya 'yarsa. Bature ya ji, ya aika garinsu Kiru a shaida wa danginsa. Mu'azu ya ji, ya rufe rumfa da wuri.

Kwana biyar ba saƙo. A na shida ya rubuto: "Na ji labari. Allah ya sanya alheri. Ya fi ni dacewa da ke."

Saura kwana uku ta fara jarrabawa. Ta rufe littafi, ta hau motar Tiga, ta sauka a bakin rumfarsa. Ta miƙa masa wayar a hanci.

"Karanta sunan nan."

"Injiniya."

"Lambar wa ce a ƙasa?"

Ya daɗe yana kallo. "Tawa."

"Shekara biyu ina koya maka lissafi, ka kasa haɗa ɗaya da ɗaya."

"To Baba ya san ni ne?"

Sai yanzu ta yi tunanin da ya kamata ta yi tun a zaure.

Ranar Asabar tawaga biyu suka haɗu a ƙofar gidan Malam Dikko, kowacce da goronta. Mutanen Kiru sun zo a mota. Kawun Mu'azu, Malam Labaran masunci, ya zo a ƙafa da mutum biyu. Malam Dikko ya shimfiɗa wa kowa tabarma, ya saurari kowa, sannan ya shiga cikin gida ya manta takalminsa a zaure.

"Maijidda! Bakanike? Na kai ki jami'a don ki fita daga baƙin mai, ki dawo ki aure shi?"

Yayarsa, Goggo Kande, tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Ba ta ɗaga kai ba.

"Dikko, ka rantse ko ba ka rantse ba?"

"Na rantse, Yaya, amma mai takarda nake nufi."

"Mai motar nan, me kake kiransa in ya zo?"

"Yallaɓai."

"Wa kake kira Injiniya shekara goma?"

Goggo Kande ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

"Takarda kuwa ga ta nan 'yarka za ta kawo. Guda nawa gida ɗaya yake buƙata? Miya za a yi da su?"

Maijidda ta durƙusa. Abin da za ta faɗa zai rushe labarin da Baba ya fi son bayarwa a majalisa, ta kuma san haka.

"Baba, ranar nan a gona, ba ni na gano matsalar injin ba. Shi ya faɗa min. Ban san komai ba a lokacin."

Malam Dikko ya tsaya yana kallonta.

"Makaho kika ɗauke ni? Ina kallo ya tura miki robar."

"Ka sani?"

"Ni na tara miki mutane, na jefa ki a tsakiyarsu. Shi ya fitar da ke. Kuma shekara biyu ina jira in ji ya faɗa wa wani a garin nan, ban ji ba." Ya ja tsaki, ya nemi takalminsa bai gani ba. "Sai kin gama karatu. Ko kwana ɗaya ban rage ba. In kika faɗi jarrabawa ɗaya, ku duka biyu ku nemi wani uban."

Ya fita ya ba mutanen Kiru haƙuri. Sun tafi da goronsu, ba su yi sallama ba. Bature ya daina gaishe shi, Malam Dikko ya ce ko dama gaisuwar ta yi masa tsawo.

Ba ta faɗi ko ɗaya ba. Aikinta na kammala karatu injin ban ruwa ne da ba ya buƙatar a cika shi da ruwa kowace safiya. Ita ta zana, ita ta yi waldar da hannunta a rumfar Mu'azu, yana tsaye yana cewa layin ya karkace. Ya karkace ɗin.

Aka ɗaura aure wata biyu bayan fitowar sakamako. Goggo Kande ta yi guɗa har muryarta ta dushe.

Kwana bakwai da biki suka je gaida Baba, aka ce yana gona. Suka tarar da shi tsaye a kan injin nan dai, ya ƙi jawo ruwa. Ya hango su daga nesa.

"Injiniya!"

"Na'am," suka ce tare.

Ya kalli wannan, ya kalli waccan, ya girgiza kai.

"Duk wanda ya fi kusa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin magana fiye da ku. Ku yi sauri, albasa na bushewa."

Mu'azu ya ciro sifana daga aljihun babbar rigarsa. Maijidda ta karɓe da hannunta mai lalle, ta durƙusa.