Jan Fenti a Goshin Nafi'u

Ku matso. Hindatu, kife wayar nan, haskenta na kiran waɗanda ba mu gayyata ba. Mudassir, kai ne ba ka jin tsoro ko? To zauna ta bakin ƙofa.

Kun san Nafi'u mijin Anti Barira, mai jawo hula har gira ko ana tsananin zafi? Yau za ku ji abin da ke ƙarƙashin hular.

Wani kamfanin tukwane ne ya ɗauke shi aiki, can bayan gari. Aikinsa tsara hanya. Faifan alminiyum ba ya zama tukunya haka kawai, sai an duba shi, an yanka, an matsa, an huda, an goge. Injuna kuwa birjik. Sai Nafi'u ya buɗe rumbun bayanai a kwamfutar teburinsa, ya zuba sunan kowane inji, ita kuma ta riƙa jero masa duk hanyoyin da aiki zai iya bi, ta nuna mafi sauri. Har doka ya kafa mata, yana hura hanci: ba a kai faifai wurin yanka sai an duba shi. Mai aibi a shafa masa jan fenti, a jefar ta ƙofar baya.

To akwai wani ɗaki a ƙarshen kamfanin, injunansa tsofaffi. Ma'aikata na share shi, suna zuba wa injunan mai, amma ba a kai aiki can, ba a kuma ambatonsa. Masu wurin aka bar wa, tun da aka yi gini a filinsu. Tunda ba a faɗa, ba wanda ya faɗa wa Nafi'u. Ya leƙa ta taga, ya ga injuna na zaman banza, ya zuba su a kwamfuta.

Ita kwamfuta ina ruwanta da masu wuri? Ta ce hanya mafi sauri ta ɗakin nan ta bi.

Ran nan da almuru, ma'aikata sun tashi, an ɗauke wuta. Nafi'u ya ce bari ya taka hanyar da ƙafarsa kafin ya nuna wa manaja. Shi kaɗai.

Ƙofar ɗakin a buɗe. Ya shiga.

Sanyi. Warin baƙin mai. Injin yanka na juyawa, babu wuta, babu ƙara.

Wani mutum na tsaye gabansa da shuɗin kayan aiki. Ya ba Nafi'u baya. Amma kan takalmansa Nafi'u suke kallo.

"Sannu da aiki, Baba," in ji Nafi'u, da ɗan abin da ya rage masa na murya.

"Yawwa, mai tsara hanya. Mun ga sunanmu."

Ba daga mutumin maganar ta fito ba. Daga cikin injin ta fito.

"Ina aikin da ka turo?"

"Ban zo da komai ba. Dubawa kawai na…"

"Abin da ya shigo ta hanya, shi ne aiki."

Ƙofa ta rufe a hankali, kamar kada a tashi jariri. Wasu hannaye masu sanyi suka ɗaga shi, suka kwantar a kan teburin ƙarfe. Bai ga masu hannayen ba. Wuƙar injin ta yi sama. Ya nemi addu'a, harshe ya yi nauyi. Duk duniya ba abin da ya rage a kansa sai dokar nan tasa.

"Kun tsallake mataki!"

Wuƙa ta tsaya.

"Mu ba ma tsallake."

"Ba a duba ni ba."

Sai muryar ta ce, "A kira Iya."

Wata 'yar tsohuwa ta fito daga bayan injin matsa. Tsayinta bai kai teburin ba, amma yatsunta suka kai. Ta ƙwanƙwasa kansa kamar mai zaɓen kankana.

Nafi'un da bai taɓa yarda yana da laifi ba, ranar shi ke tallan aibinsa.

"Iya, ga sanƙo."

"Ya rage mana gogewa."

"Ga giɓi, Iya, dubi."

"Ya rage mana huda."

"Ina minshari! Ki tambayi matata!"

"Tukunya ma tana yi, in ta tafasa. Lafiyayye ne. A yanka."

Wuƙa ta fara saukowa. Yana jin sanyinta tun ba ta taɓa shi ba. Ya runtse ido.

Ɗis.

Ɗis. Ɗis.

"Dakata," in ji Iya. Ta leƙa ƙarƙashin tebur. Ta dubi wandonsa. Ta ja tsaki.

"Yoyo yake."

Kada wanda ya yi dariya. Da ku ne, da tun daga bakin ƙofa za ku fara.

Ta tsoma yatsa a gwangwanin jan fenti, ta shafa masa a goshi. Ta sunkuyo daf da kunnensa.

"Cire sunanmu. Kuma ka sani, mai aibi in ya dawo, narkar da shi ake yi."

Bai san sanda aka jefa shi ba. A kan tarin ɓatattun tukwane ya farka, bayan ƙofar baya, ana kiran isha. Washegari tun kafin ya zauna ya goge injunan nan daga rumbun. Amma ya rantse mini, har yau in rana ta kusa faɗuwa, hanyar kan dawo da kanta, can ƙasan allon kwamfutar.

Fentin kuwa, an gwada sabulu, an gwada kananzir, an gwada toka. Yana nan. Anti Barira da ta gani ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Ashe su ma sun gane."

Don haka in kun girma, na'ura ta nuna muku gajeriyar hanyar da ba kowa a kanta, ku fara tambaya me ya sa. Kuma kada ku bi ta ku kaɗai.

Mudassir, yaushe ka baro bakin ƙofa? Tashi mu ga tabarmar.