Tabon da ke Kumatun Jufita

Dariya ce ta jawo wa Auta. Tana kwance a doguwar kujerar falo da yamma, kayan guga na jiranta a kan tebur, ta ƙura wa waya ido tana ƙyaƙyatawa har da hawaye. Malam ne ya turo sabon katun. Malam kuwa shi ne wanda za ta aura, malamin fiziks a sakandare, manya ma sun riga sun shiga maganar. In ya ga ɗalibansa sun fara hamma, sai ya zana musu taurari da ido da baki suna cacar baki, daga baya ya sa a shafinsa na intanet. Da wannan zanen ya sace zuciyar Auta tun farko.

"Ke, dariyar me kike yi haka kamar sabon kamu? Mu gani!" in ji Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ko ƙuda ne ya gifta sai ta tambayi wanda ya aiko shi.

Jufita ne a zanen, babban yayan duniyoyin da ke zagaya rana. An yi masa tumbi, da hula a karkace, da jan tabo a kumatu. Duwatsu na ta faɗo masa a gadon baya, ya ɓata rai yana cewa, "Wai kullum ni?" Can gefe ga 'yar duniyarmu, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya tana shan shayi hankali kwance.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Wannan ai Yaya ne!"

"Haba Gwaggo, Jufita ne fa..."

"Ni za ki yi wa boko? Tabon nan a wane kumatu yake? Wa kika sani da ke karkata hula haka? Yaron nan tun bai shigo ba ya mai da surukinsa abin dariyar duniya!"

Baba kafinta ne, kuma yana da tabon ƙuna a kumatunsa na hagu, tabon da ba a yin zancensa a gidan. Da ya dawo daga shago, garin katako bai ma bar gashin girarsa ba Gwaggo ta tura masa wayar, tana nuna masa yawan mutanen da suka yi dariya a ƙasan zanen. Ya daɗe yana kallo. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Wayar kawai ya jefa a aljihu.

"A dakata da maganar auren nan. Ke kuma kada in ji kin neme shi."

Auta ta sha kuka, amma ba hukuncin Baba ne ya fi cin ta ba. Ita ce da bakinta ta ba Malam labarin tabon: tana rarrafe risho ya kama da wuta a kicin, Baba ya faɗa ciki ya rufe ta da jikinsa. Ba ta taɓa gaya wa wani ba. Shin sirrinta ya ɗauka ya sayar don a yi masa tafi? Sai ta shiga tuno tsofaffin zanensa ɗaya bayan ɗaya. Wannan Fuluto da aka kora daga sahun duniyoyi, yana tsaye a bakin ƙofa da ƙullin kaya, ba Gwaggo ba ce da aurenta ya mutu ta dawo gida? Farin watan da ke bin duniya kamar jela fa, ba ita Auta ba ce? Duk abin da ya taɓa ba ta dariya ya koma yana sukar ta.

Wata ƙawarta da ta zo duba ta ta miƙo mata waya a ɓoye. "Kira shi mana, ki ji daga bakinsa. Wallahi za ki kashe kanki!"

Hannunta har ya tafi, ta janye. "Baba ya hana. In mai gaskiya ne, zai zo ta ƙofa."

Ta ƙofar kuwa ya zo, da ya ji shirun ya yi yawa. Baba ya sa aka shigo da shi falo, Gwaggo ta kafa kujera, Auta ta laɓe a bayan labule. Malam ya durƙusa ya gaishe su. Da aka gaya masa laifinsa, ya nuna hoton Jufita na ainihi da jan tabonsa, ya ce wata guguwa ce da ta daɗe tana kaɗawa a can.

"Na gani," in ji Baba. "Tabon nasa ne, na yarda. Amma ka dube ni, yaro. Da kake zanen nan, ka tuna da ni ko ba ka tuna ba?"

Ga hanyar tsira a buɗe! Auta ta runtse ido tana roƙo a ranta ya ce a'a.

"Na tuna da kai, Baba. Hular taka ce."

"Kun ji ko!" Gwaggo ta tafa hannu.

"A yi mini afuwa, amma a dubi gadon bayan Jufitan," in ji Malam. "Wasu masana na cewa saboda girmansa yakan janye duwatsun da ke yawo a sama su faɗa masa, mu kuwa muna nan ba mu ma sani ba. Ranar da Auta ta ba ni labarin wutar nan, shi ya faɗo mini a rai. Mai shan shayin ita ce. Laifina ne da ban nemi izininka ba."

Kowa ya ga tumbi, kowa ya ga tabo, amma ba wanda ya tsaya ya ga duwatsun, har ita Auta da ta fi kowa dariya. Kunya da farin ciki suka rufe ta lokaci guda, ta fashe da kuka a bayan labulen.

Baba ya ciro wayar ya sake duba zanen, yatsansa na shafa kumatunsa. Sannan ya ɗago ya dubi Malam.

"Da ka ce a'a, da na san maƙaryaci zan ba 'yata. Tashi ka zauna a kujera." Ya nuna zanen da yatsa. "Amma tumbin nan sharri ne. Ka rage shi."

Gwaggo, wadda ashe ita ma ta leƙa tsofaffin zanen, ta yi ƙasa da murya. "To... wancan mai ƙullin kayan fa?"

"Wallahi Gwaggo wannan Fuluto ne kawai!" in ji Malam.

Baba ne ya fara tuntsirewa da dariya, sauran suka bi. Bayan biki ya sa aka buga zanen, ya yi masa firam da hannunsa ya rataye a shago, da tumbin yadda yake.

Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Na Gwaggo rabinsa gaskiya ne, amma saura ƙiris ya rushe gida. Haƙurin Auta da gaskiyar Malam ne suka tsayar da shi.