Malamar Fiziks da Shanun Rumphi

Wongani ya zo gyaran lantarki a wata sakandare a Dedza, sai ya ji tsawa daga ɗakin gwaji.

"Samari, ku saki batirin nan! Yau 'yan mata za su haɗa waya."

Ya leƙa. Tadala ke nan, malamar fiziks. Tun daga ranar wutar makarantar ta riƙa lalacewa ba gaira ba dalili, gogan naku yana ta zuwa gyara.

Kafin zuwanta 'yan matan sun ɗauki fiziks abin maza. Da ƙyar ta lallashi wasu suka zaɓe shi.

Da maganar aurensu ta taso, mahaifin Wongani ya ce su mutanen Rumphi shanu suke bayarwa, mace ta bi miji arewa. Kawun Tadala kuwa, wanda aurenta ke hannunsa, ya kafe.

"A nan miji ke tarewa garin matarsa. Ku riƙe shanunku."

Hankalin Tadala ya tashi, ta tura wa Wongani saƙo:

"Hasken idona, in na tafi yaran nan za su watsar da fiziks. Ba zan iya barinsu ba, kai ma ba zan iya rasa ka ba."

Shiru. Sai jita-jitar an kira shi gida an nuna masa 'yar maƙwabta. Ko nsima, tuwon masararsu, Tadala ta kasa haɗiya. Ashe ƙauyen su Wongani ne ba sabis.

Ranar da dangin biyu suka zauna, uban ya harari ɗansa.

"Ɗana a gidan surukai? Don mata su koyi aikin maza?"

Wongani ya durƙusa.

"Baba, Yaya Tiwonge ta fi ni ƙwaƙwalwa, ka sani. Malaminsu ya ce fiziks ba na mata ba ne, ta bari. Ita ta koya mini abin da nake ci da shi yau, ita kuwa tana can tana tallan tumatir."

Tsohon ya dube shi.

"Je ka zauna a garinsu. Amma shanu sai sun karɓa, kada a ce kyauta na ba da kai."

"Mun karɓa," in ji kawu. "A yanka ranar biki."

Ranar ɗaurin aure tsohon ya haɗa hannayensu, idonsa jawur.

"Allah ya yi muku albarka. 'Yata, in kun haifi mace, a gaban aji za ki zaunar da ita."