Abin da Tsahara Ta Faɗa da Ingilishi

Tsahara tana dafa allurai a kan risho, a ɗakin baya na gidan likita a Konni, lokacin da Sanusi ya tsaya a bakin taga. Bai yi sallama ba. Da Ingilishi ya fara magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Yi mani Hausa," ta ce, ba ta ko juyo ba. "Tun safe nike tsaye. Kaina ba ya ɗaukar Ingilishi yanzu."

Ya gyara hula.

"Inna ta ce a dakata da kai goro gidanku."

Ta rage wutar risho.

"A dakata, ko a fasa?"

"A dakata... Haba, sanyin idona, kada ki yi mani wanga kallo!"

"Ban kalle ka ba tukuna. Mi na yi?"

"Maganar ranar Laraba ce. Ta isa gida."

Sai a sannan ta juyo.

Shekarar 1974 ce, fari ya ci ƙasa, magungunan taimako suna isowa cikin kwalaye masu rubutun Ingilishi. Tsahara ta yi lakwal, wato makarantar boko, amma Faransanci ta karanta, kuma ba ta son ba yaro magani da ka. Shi ya sa ta shiga zaman Malam Wakili, wani tsohon akawun jirgin ƙasa da ya gama aiki a Zariya ya dawo gida. Litinin da Laraba bayan la'asar suke haɗuwa a tsakar gidansa, matarsa tana surfe a gefe.

Malam Wakili ba ya koyarwa da littafi. Tambaya yake jefawa a kan halin ɗan Adam. Me ya sa mutum ke jin haushin wanda ya taimake shi? Me ya sa abin kunyar da ka yi kana yaro ba ya barin zuciyarka? Kowa ya ba da amsa da abin da ya taɓa faruwa da shi. Sharaɗinsa biyu ne: ba Hausa, ba ƙarya.

"Ƙarya tana son kalmomi da yawa," in ji shi, "ku kuwa ba ku da su."

A can ta san Sanusi, ɗan farin Hajiya Barira, gidan masu kamiyo, manyan motocin da ke ɗaukar wake da albasa zuwa Sakkwato. Don takardun iyaka yake koyo. Ranar da aka yi hirar tsoro, ya ce shi ba ya tsoron 'yan fashi ko jandarma, abin da yake tsoro shi ne ya ce wa mutum a'a. Aka yi dariya. Tsahara ba ta yi ba, kuma ya lura. Daga nan ya fara raka ta hanya. Da Ingilishi ya fara ce mata yana son ta, a gaban gidan waya, yana kallon takalmansa.

Jummai ma tana cikin zaman. Sakatariya ce a buro, wato ofis, 'yar ƙanwar Hajiya Barira, kuma tun tana ƙarama dangi suke kiranta matar Sanusi da wasa. Ita ba ta ɗauke shi wasa ba. Ingilishinta ya fi na kowa.

Ranar Larabar, tambayar mai sauƙi ce: me ya sa wanda ya gaji ƙwarai ba ya iya barci? Wani malamin lakwal ya ce sauro ne. Sanusi ya ce ƙarar inji ce take bin sa har kan tabarma. Aka zo kan Tsahara.

Kowa a wurin ya san bazawara ce. Mijinta Amadu ya faɗo daga kan kamiyo a hanyar Tsarnawa, bayansa ya karye, ya shekara uku a kwance kafin ya rasu. Ita ta yi jinyarsa, tana kuma zuwa aiki.

Da Hausa ce, da ta ce sai godiyar Allah, ta yi shiru. Ingilishinta bai kai nan ba. Abin da take da shi kawai ta ajiye, ɗaya bayan ɗaya.

"Shekara uku ban yi barci ba. Ina juya shi. Ina wanke shi. Ina jin numfashinsa. Ranar da aka binne shi, na kwanta. Na yi barci har rana ta fito. Barci mafi daɗi a rayuwata. Na tashi, jikina ba nauyi. Daga baya na ji kunya."

Matar Malam, da ba ta jin ko kalma ɗaya, ta ci gaba da surfenta. Malam Wakili ya gyara wa Tsahara kalma guda, sannan ya ce abin da ta ji ba mugunta ba ce, gajiya ce, kuma masu jinya da yawa sun san shi. Ya wuce kan na gaba.

Kafin Juma'a, Jummai ta mayar da maganar Hausa a ɗakin Hajiya Barira. A fassararta, Tsahara ta ce ranar da mijinta ya mutu ita ce ranar da ta fi jin daɗi a duniya, kuma a gaban maza ta faɗa.

Yanzu ga Sanusi a bakin taga, yana murza makullin mota.

"Amma na gyara," ya ce da sauri. "Wallahi na gyara, Tsahara."

"Da mi ka gyara?"

"Na hwaɗa ma Inna darasi ne kawai. Na ce Malam ka ba kowa labari ya ƙaga, kamar wasan 'yan lakwal. Na ce ba ke ba ce, wata mata ce cikin labari."

"Ka ce ƙarya na yi."

"A'a! Na ce darasi ne. In ta tambaye ki, ki ce haka ne, shi ke nan. Kalma ɗaya, zuciyata... kalma ɗaya, a kai goro."

Ta ɗauki ƙarfen tsamo allura, ta fara jera su a faranti.

"Kai kana can ranar. Ka ji ni."

"Na ji."

"Ka yarda darasi ne?"

Ya mayar da idonsa kan makullin motar. Daga zaure majo, shugaban ma'aikatan jinya, ya ƙwala mata kira. Ta ɗauki faranti ta fita.

Ba ta koma zaman ba. Litinin ta wuce, Laraba ta wuce. Matan da ke zuwa awo suka fara yin shiru idan ta shigo. Wata tsohuwa ta janye jikarta daga layinta ta koma na majo. A kasuwa, wurin masu tumatir, ta yi kiciɓis da Jummai.

"Yaya Tsahara! Kwana biyu. Malam na ta cigiyarki."

"Ke kika kai magana."

"Ni? Fassara na yi. Ai ba ƙarya, haka Malam ya ce." Jummai ta gyara gyalenta. "Inna ce ta tambaye ni mi muke koyo. In ɓoye mata?"

"Kin bar rabi a hanya."

"To, Ingilishina ne bai kai ba. Ki tahi ki cika mata."

Tsahara ta biya tumatir ta wuce. Ba ta da ƙarfin faɗa. Mace ba ta zuwa gidan surukai roƙon aurenta, kuma Jummai ta san haka.

Hajiya Barira ce ta zo da kanta. Ƙafarta ta kumbura, likita ya rubuta mata allurai, kuma Tsahara kaɗai ke yi wa mata allura a sashen. Sanusi ya kawo ta a mota Pijo, ya tsaya bayan labule.

"Ina kwana, Inna. Ina gajiya?"

"Lahiya lau."

Hajiya ta zauna a bakin gado, ta daɗe tana duban hannuwan Tsahara yayin da take zuƙo magani. Mace ce mai jiki, ba ta ɗaga murya. Ba ta kiran sunan Sanusi, don ɗan fari ne.

"Ɗiyata, tsaya da allurar. Magana ɗaya za ni tambaya."

"To, Inna."

"Yaron nan ya ce mani wasan lakwal ne kunka yi. Ya ce labari ne anka ba ki ki hwaɗi. In haka ne, ce mani haka ne. Ni na san yadda zan rufe bakin dangi. Jibi goro na gidanku."

Da wannan magana Hajiya ta buɗe mata ƙofa, kuma da gangan ta buɗe. Tsahara ta gane haka. A ƙarƙashin labule tana ganin takalman Sanusi, ba sa motsi.

Ta ajiye sirinji a faranti.

"Ba wasa ba ne, Inna. Ni ce."

"Kin yi murna da ya mutu?"

"Ban yi murna ba. Barci na yi."

"Daren da anka rufe shi!"

"I. Har hantsi."

"Ba ki yi kuka ba?"

"Na yi, bayan kwana biyu. Kafin nan jikina bai da abin yin kuka da shi."

Hajiya ta ja numfashi.

"Kin san mi kika zubar yanzu?"

"Na sani, Inna. Shekara biyu ina ce ma kowa sai haƙuri. Sau ɗaya na hwaɗi yadda abin yake. In na ce ƙarya ce, da wane baki zan zauna cikin gidanku?"

"To ji nawa tsoron. Ɗana kan hanya yake kwana, cikin kamiyo. In Allah Ya kawo ƙaddara, Allah Ya kiyaye, ya kwanta yadda wancan ya kwanta... kina zaune kina jiran ranar barcinki?"

Tsahara ba ta sunkuyar da kai ba.

"In ya kwanta, zan yi mai abin da na yi ma Amadu. Ki tambayi danginsa ko sun taɓa jin wari a ɗakinsa, ko sun ga gyambo a bayansa. Abu ɗaya ne zan sake. In na gaji zan ce na gaji, in nemi mai kama mani, tun yana da rai."

A waje wani jariri yana kuka a layin awo.

Labule ya motsa. Sanusi ya shigo, abin da namiji ba ya yi a sashen mata, ya durƙusa a gaban uwarsa.

"Fita! Wa ya kira ka?"

"Inna, ni na yi ƙarya. Ba ita ba."

"Na ji. Tashi."

"Ban gama ba, Inna." Da Hausa yake magana. "Ina can ranar. Na ji ta da kunnena. Tun kafin nan ina son ta, amma ranar ce na san ba ni auren wata. Ki gafarce ni... ba ni auren Jummai."

"Ni kake ce ma a'a?"

Ya ɗaga kai ya dube ta.

"I, Inna."

Hajiya ta dube shi kamar wani baƙo. Sannan ta juya ta kwanta a gefe ɗaya, fuskarta ga bango.

"Ke, yi mani allurar in tahi. Kai kuma fita, ba ka da kunya."

Tsahara ta yi mata allurar. Ta jira har mota ta tashi. Ta zauna a kan benci, ta daɗe ba ta kira na gaba ba.

Ba a kai goro jibi ba. Sai da aka yi wata uku. Sanusi ya yi ta zarya gidan baffanninsa, yana maimaita magana ɗaya, har suka gaji suka tafi neman auren ba tare da bakin Hajiya ba. Ita ba ta hana ba, ba ta kuma sa albarka a fili ba. Malam Wakili ya rufe zamansa. Ya ce laifinsa ne: ya hana ƙarya, ya manta bai hana gulma ba.

Wata rana da yamma Sanusi ya raka Tsahara daga aiki. A gaban gidan waya ya tsaya.

"Kin gaji, amaryata?"

"Na gaji."

"Da ni?"

"Da kai ma, kaɗan."

Ya yi dariya, ita ma ta ɗan yi.

An ɗaura aure bayan girbi, wanda a shekarar ya ɗan yi kyau. Taron bai cika ba. Hajiya Barira ta tafi Sakkwato duba wata 'yar'uwa kwana biyu kafin ranar, ba ta dawo ba sai da aka watse. Jummai ta zo, ta ci, ta ce shinkafar ta yi gishiri. Sanusi ya kama gida a wata unguwa. Idan Tsahara ta je gaisuwa, Hajiya takan amsa da "lahiya lau", ta ci gaba da jan carbi. Haka aka ci watanni.

Da bazara ƙafar ta sake kumbura. Lokacin an kawo sabuwar ma'aikaciya daga Tawa, yarinya mai saurin hannu. Hajiya ta shigo tana dogara sanda, ta zauna a bakin gado. Tsahara tana can ƙarshen ɗaki tana ɗaure wa wata mata rauni. Yarinyar ta zuƙo magani ta matso.

"Kwanta, Hajiya, yanzu in gama maki."

Hajiya ta ɗaga hannu ta tsayar da ita. Ba ta dubi kowa ba.

"Bari, ɗiyata. Ina jira. Matar yaron nan za ta yi mani."