Rufin da Muka Huda

Aikinmu gwajin ƙasa ne. Kafin a kafa bene, mu ake kira mu huda fili da inji, mu ciro abin da ke ƙasa, injiniya ya duba ko za ta ɗauki gini. Ni ke kan famfon ruwa, Yayana ke riƙe da inji. Taurin kansa ya fi na dutsen da yake hudawa.

Ran nan gab da magariba muna kan rami na ƙarshe. Mun wuce jan yumɓu mai riƙe ƙarfe, mun wuce yashin da ya yi ta ruftawa sai da muka zura bututu. A mita sha huɗu sandar haƙan ta zurma, ba abin da ya tare ta. Ruwan da nake turawa ya daina dawowa sama.

"Kogo ne," in ji Yaya. "Ƙara ruwa."

Na ƙara. Tanki guda ya tafi.

Da muka zaro sandar, haƙorin bakinta ya ɓace. A madadinsa guntun katako ne ya maƙale, gefe ɗaya baƙi ƙirin da hayaƙi, da ɗuminsa. Daga bututun warin murhun da aka watsa wa ruwa ke tasowa.

Na kashe famfo. Can ƙasa jariri na kuka.

"Yaya, don Allah mu tafi."

"In bar haƙorin injina a ciki?"

Taku ɗaya ya yi. Ƙasa ta haɗiye shi har gwiwa. Na cafki ɗamararsa na ja, ta ƙara jan shi har ƙugu.

"Ƙanena," ya ce a hankali, "ba ƙasa ba ce. Hannu ne."

Muryar mace ta fito ta bututun, ƙasa-ƙasa.

"Kun huda mana rufi. Kun jiƙa min yaro."

Na durƙusa a bakin ramin ina kuka wiwi. "Baiwar Allah, ba mu sani ba! Yayana ne, shi kaɗai gare ni!"

"Toshe."

Na cusa buhu a bututun. Na yaga na siminti da haƙora na zazzage. Na tura yumɓu da hannu har farcena ya ɓalle.

Ƙasa ta kai wa Yaya ƙirji.

Na tuɓe rigata na danna.

Kukan jaririn ya tsaya.

Ƙasa ta saki Yaya, na jawo shi ba takalmin hagu. Ko injin ba mu waiwaya ba.

Injiniya ya rubuta cewa akwai kogo, aka fasa ginin. Yaya bai sake huda ƙasa ba, ko ƙusa zai buga a bango sai ya yi sallama. Ba na yi masa dariya. Washegarin ranar da abin ya faru, a ɗakinsa da ya kulle ta ciki, ya farka ya tarar da haƙorin injin da takalminsa na hagu a gaban gado, an wanke su fes.